Tabar Wiwi: Ta Yau Ba Irin Ta Jiya Ba Ce

Daga Wakilinmu na Arewa

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin samarinmu da ke neman abinci a kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Badun. In ka yi wa yaro faɗa a kan tabar wiwi, sai ya ce maka, "Ai wane ya shekara ashirin yana sha, ga shi nan garau." To, wannan magana ce muke so mu duba yau, domin ta jefa 'ya'yan mutane da yawa cikin wahala.

Da farko dai, abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suke shan kayan maye, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Mafi yawan wadda ake nomawa a gida daga dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Delta da maƙwabtansu take fitowa, watau dab da inda 'yan'uwanmu suke zaune.

Abin da ke sa buguwa a cikin ganyen wani sinadari ne da masana suke kira THC. Yawansa shi ne ƙarfin tabar, kuma ba daidai yake a kowane ganye ba. A Amurka, inda aka daɗe ana auna tabar da hukuma ta kama, an tarar ƙarfinta ya tashi daga wajen kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014. Manoma ne suka yi ta zaɓen iri har suka kai ta haka. Irin wannan mai ƙarfi ce ake kira Laud a titunan Ikko, wadda hukumar NDLEA take ta kamawa a tashoshin jiragen ruwa an ɓoye ta cikin motocin da aka shigo da su daga Kanada. Naɗi ɗaya na Laud yana iya ɗauke da abin da naɗi uku ko fiye na tsohuwar taba suke ɗauke da shi. Saboda haka wane ɗin nan da ake misali da shi, ba abin da yaron yau yake zuƙa ya sha ba.

Likitoci sun auna illar wannan bambanci. A 2019 mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a wurare 11 na Turai da Barazil. An ga mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kamar sau uku, in kuwa mai ƙarfi yake sha kullum, haɗarin ya kusa sau biyar.

Wadda ta fi wannan muni ita ce ake kira Kolorado ko Kolos. Sau da yawa ma ba wiwi ba ce, busasshen ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Fesawar ba ta zuwa daidai, wani ƙulli ya sami kaɗan, wani ya jiƙe sharkaf. Shi ya sa abokai biyu za su saya wurin dila ɗaya, ɗaya ya yi ta dariya, ɗayan kuwa ya faɗi yana shure-shure. Ƙasar Saliyo ta ɗanɗana irin wannan da abin da suke kira Kush, har Shugaba Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilu na 2024. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Bayan ƙarfi, akwai hanyar sha. Wanda ya zuƙa yana jin ta cikin 'yan mintoci. Wanda ya ci ta cikin abinci kuwa, sai ya yi rabin awa har zuwa awa biyu bai ji kome ba, ya zaci ba ta da ƙarfi, ya ƙara. Daga baya duk ta taso masa gaba ɗaya, kuma ta fi daɗewa a jiki. Masu jiƙa ta cikin ogogoro ko haɗa ta da taramol da kodin kuwa sun tara wa jiki nauyi biyu ko uku a lokaci guda.

Sannan akwai shi kansa mai shan. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, don haka wanda ya fara yana ɗan shekara 15 ya fi babba shiga haɗari. Wanda akwai taɓin hankali a danginsu, shi ma haka. Halin da mutum yake ciki ma yana da nasa tasiri. Yaron da ya baro gida cin rani, yana kwana a rumfa, ba barcin kirki, ga fargabar kamu, ga tunanin abin da zai aika gida, in ya sha mai ƙarfi sai ta ƙara masa tsoro da zargi, ya riƙa ganin kowa na binsa. Ya sha don ya sami sauƙin zuciya, sai ya sami akasin haka.

Kada kuma a manta da hukuma. Tun dokar soja ta 1966 aka tsananta hukuncin wiwi a ƙasar nan, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ba ta tambayar ko mai ƙarfi ce ko marar ƙarfi. Ɗaurin shekaru ne ke jiran wanda aka kama da ita.

To, mene ne abin yi? Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da iyayen gida su daina tsayawa ga cewa "wiwi ba kyau" kawai, domin yaro ya ji wannan har ya gaji. A gaya masa gaskiyar da bai sani ba, cewa shi da dilan duk ba su san abin da ke cikin ƙullin ba. In kuma an ga yaro ya daina barci, yana magana shi kaɗai, ko yana zargin abokan kwanansa ba dalili, kada a ɗaure shi da mari ko a saka shi a mota a tura Arewa don a huta. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a Ikko da na Aro a Abekuta. A kai shi da wuri, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Iyayensa amana suka ba mu.

Allah ya kiyaye mana zuriya.