Rage wa taya iska saboda zafin rana ganganci ne

Duk shekara, da zarar bazara ta kankama kwalta ta fara ƙuna, sai wata tsohuwar shawara ta dawo tashoshin mota da majalisun ma'aikata: wai a rage wa taya iska, kada zafi ya kumbura ta ta fashe. Da daga bakin direbobin haya kawai nake jin ta, da na yi shiru. Amma na ji ta daga bakin mutanen da ke auna hawan jininsu duk mako, suna kuma karanta takardar magani kafin su haɗiye shi. Shawarar nan ita ce ke jawo fashewar da ake gudu.

Taya mai tafiya tana lotsawa a inda ta taɓa ƙasa, sannan ta miƙe, kuma a gudun kilomita 100 tana yin haka kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita har ta karye ya san yadda take ƙona yatsa. Idan iska ta yi kaɗan, lotsawar tana ƙaruwa, gefen tayar ya ɗauki zafi daga ciki, har roba ta fara rabuwa da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita. A hanyar Kano zuwa Maiduguri cikin watan Afrilu, da buhunan hatsi a but, daga nan sai ƙarar fashewa. Gaskiya ne zafi yana ɗaga ma'aunin iska, kimanin psi 1 a kowane digiri 5 ko 6, kuma bayan doguwar tafiya geji zai nuna ƙarin 4 ko 5. Masu ƙera motar sun san da wannan, sun sa shi a lissafinsu. Wanda ya tsaya a hanya ya sace wannan ƙarin, washegari da safe zai tarar da tayarsa ƙasa da ƙa'ida.

Amurka ta koyi darasin da rayukan mutanenta. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan jerin haɗurran motar Ford Explorer, da yawansu a jihohi masu zafi irin su Texas da Florida. Akwai aibi a ƙirar tayoyin, amma wani ɓangare na rigimar kamfanonin biyu a kan iska ne: Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. Psi huɗu kacal. A shekarar aka kafa dokar da ta wajabta fitilar gargaɗin iskar taya, kuma tun Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a can tana da ita. Ita ce fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kunne wata da watanni a gaban motocinmu na gwanjo, wadda muke wa kallon kwalliya. Ba ta kamawa sai taya ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta.

Akwai kuma kuskuren ɗaya gefen. Ka tsaya wurin mai faci, ya dura 45 ko 50, ya ƙwanƙwasa tayar da ƙarfe, ya ce ta yi. Ban ga laifinsa sosai ba, domin mai motar bai faɗa masa lamba ba, gejinsa kuwa ya sha faɗuwa a ƙasa. Lambar da wasu ke karantowa a jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Abin da motarka ke buƙata yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Tayar da aka cika fiye da kima tana cinyewa ta tsakiya, riƙonta ga hanya ya ragu, ramin titi kuma ya fi yi mata illa.

Da safe ake aunawa, ko bayan mota ta huta awa uku. A motoci da yawa takardar tana ɗauke da lambobi biyu, na tafiyar yau da kullum da na cikakken lodi. Wanda ya ɗebi iyali da kaya zai tafi gida Sallah, na biyun ne nasa. Haka wanda ya ɗaura wa motarsa 'yar tirela, domin wani ɓangare na nauyinta yana sauka a kan tayoyin baya, kuma idan suka yi laushi tirelar za ta fara lilo hagu da dama har sitiyari ya ƙwace. Tayoyin tirelar suna da tasu lambar daban. Bayan an sauke kaya sai a mayar da iskar yadda take.

Geji na aljihu bai kai kuɗin taya guda ta gwanjo ba, kuma aunawa sau ɗaya a wata ya wadatar. A haɗa da safayar da ke kwance a but: irin siririyar nan 60 take buƙata, kuma yawancinmu ba mu taɓa duba ta ba tun ranar da aka kawo motar daga Kwatano.