Kartar da ba a cin kowa a cikinta

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Katsina ya san abin da ake nufi idan aka ce wane ɗan karta ne. Ba yabo ba ne. Mun ga waɗanda karta ta cinye wa jari, mun ga yaron shago da ya ɗebi kuɗin ubangidansa ya kai bayan tasha, kafin magariba babu ko dala. Ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Saboda haka na san akwai Alhazan da za su naɗe jaridar nan da zarar sun ji cewa ni, magidanci mai shekara arba'in da ƴan kai, ina zama kan tabarma ina buga karta da uwargidana da ƴaƴana. Ina roƙon arziki a ƙarasa karantawa kafin a yanke mini hukunci.

Ba mu manta da abin da ya faru a 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, a farkon watan Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu. Motocin kaya suka yi layi a iyaka, kayan gwari suna lalacewa a cikinsu. Mutumin da ya saba sammako zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, ko mai bin hanyar Ƙwanni zuwa Illela, sai ga shi zaune a gida, ba ciniki, ba wuta, ba talabijin. A shirin da nake gabatarwa na farashin kasuwa a radiyon garinmu, masu kira sun yi kukan kuɗi sosai. Amma akwai wani kukan da ya fi tsaya mini a rai. Wani ɗan kasuwa ya ce sai da zaman gida ya kama shi sannan ya gane bai san ajin da ɗansa yake a lakwal ba, kuma in ya shigo tsakar gida yara watsewa suke yi kamar an ga baƙo. Na yi shiru, domin gidana ma bai yi nisa da haka ba.

A cikin wannan duhun ne babban ɗana ya zo da wani wasa da ya koya wajen abokansa ƴan jami'a. Sunansa Regicide. Wasu mutum uku ne ƴan ƙasar New Zealand suka ƙirƙiro shi, ya fito a 2020. Yana cikin jerin wasannin da Turawa ke yi a gida waɗanda masu wasa ba sa karawa da juna, duka suna gefe ɗaya, kartar ce abokiyar gaba. Irin wannan ba sabon abu ba ne a can. Wani mai suna Hanabi, na Bafaranshe Antoine Bauza, ya ci babbar kyautar wasan shekara ta ƙasar Jamus a 2013. Abin da ya sa na zaɓi Regicide shi ne ba sai an aiko maka da akwati daga Turai ba. Kartar da ake sayarwa a kan tebur cikin kowace kasuwa ta isa, in dai mai kati 52 ce da jokarta biyu. Kartar belot mai kati 32 ba za ta yi ba.

Ga yadda ake yi. Ana ware katunan nan goma sha biyu masu hoton mutane, wato barade huɗu, sarauniyoyi huɗu, sarakuna huɗu. A labarin wasan, wata muguwar cuta ce ta shiga fada ta juya musu hankali, jarumai suka haɗu don su ƙwato ƙasa. Mu a gidanmu, da yake muna girmama sarauta, dodanni muke ce musu, kamar Dodon tatsuniya. Ana fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, barade tukuna, sarakuna daga ƙarshe. Barde yana da rai 20, yana duka da ƙarfin 10. Sarauniya rai 30, duka 15. Sarki rai 40, duka 20. Wanda ya iya lissafi ya ga jimlar ransu 360 ke nan. Idan mutum huɗu ne, kowa yana riƙe kati biyar, idan uku ne shida, idan biyu ne bakwai.

In layi ya zo kanka, sai ka ajiye kati, lambarsa ita ce ƙarfin saran da ka kai wa dodo. Kowane iri kuma da nasa aiki. Baƙi mai ganye uku yana ninka sara, goma ta zama ashirin. Baƙi mai kan mashi garkuwa ne, yana rage ƙarfin dukan dodo ga kowa da kowa har a gama da shi. Ja mai kusurwa huɗu yana sa a raba sababbin katuna ana zagaye da su hannu hannu. Ja mai zuciya yana dawo da katunan da aka zubar ƙarƙashin tulin da ake ɗiba. Sai dai kowane dodo ba ya jin ƙarfin irinsa, saran lambar kawai ke kama shi, har sai wani ya ajiye joka. Idan ka kai sara bai faɗi ba, zai rama a kanka, dole ka zubar da katuna daga hannunka da jimlarsu ta kai ƙarfin dukansa. Ran da mutum ɗaya ya kasa biya, an cinye ku duka. Kuma doka ta hana ka faɗa wa ƴan uwanka abin da ke hannunka. Yawan katin kowa dai ana ganinsa.

Wannan dokar ta ƙarshe ita ta koya mini darasi. Wani dare muna fama da sarauniya mai zuciya, an sare ta da biyar. A hannuna akwai goma mai ganye uku da takwas mai kusurwa huɗu. Ɗiyata mai shekara goma sha biyu ita ke biye da ni, katinta biyu kacal, kowa yana gani. Da na ajiye takwas ɗin nan, da an raba kati takwas kowa ya samu abin kare kansa. Amma zuciya ta raya mini in yi babban sara yara su ga ƙarfin Baba. Na doka goma, ta zama ashirin, saura biyar. Na biya dukan da ya hau kaina, har da takwas ɗin na zubar. Yarinya ta ajiye huɗu, saura ɗaya, a hannunta kuwa uku ce ta rage, ga duka na goma sha biyar yana jiranta. Wasa ya ƙare. Idonta ya ciko, ta ce, "Baba, ni na sa aka cinye mu." Uwargida tana tattara karta ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ka ga abin da ke hannunka, amma ba ka dubi hannun yarinya ba." A gaban yara na amsa cewa laifina ne. Ban tuna ranar da na taɓa faɗin haka a gabansu ba kafin wannan dare.

Ƴan uwana ƴan kasuwa, kun fi ni sanin wannan karatu. Kasuwa wurin gasa ce, in ba ka yi wayo ba wani ya ɗauke maka mai saye. To amma babu ɗan kasuwar iyaka da ke tsaye da ƙafarsa shi kaɗai. Mutum biyar ke haɗa kaya a mota ɗaya, in aka tsare ta saboda takardun mutum ɗaya, kowa ya kwana a hanya. Adashi yana rushewa ne ran da mutum ɗaya ya kasa zubi. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja a ayari suke tafiya, madugu kuma yana auna zango ne da ƙarfin jakin da ya fi gajiya. Matsalarmu ita ce muna shigowa gida da rabin halin kasuwa, wato rabin gasa, mu bar rabin taimakon juna a bakin ƙofa. Yaro yana jin ana cewa wane ya fi ka maki, ɗan ɗakin wance ya fi ka ƙoƙari. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowa ya san inda wannan ke kaiwa ran rabon gado. Rabin awa da ƴan uba za su zauna gefe ɗaya, in ɗaya ya faɗi duka sun faɗi, ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata doka kuma da za ta yi wa masu lissafi daɗi. Idan saranku ya wuce ran dodo, ya tafi cikin shara. Idan kuwa ya zo daidai cif, ba ƙari ba ragi, sai a ɗora shi kan tulin da ake ɗiba, ya dawo hannun ɗayanku ya zama naku, barde da ƙarfin 10, sarauniya 15, sarki 20. Da wuya a kai ga sarakunan ƙarshe ba tare da an jawo wasu daga cikin na farko ba. Autanmu, wanda bai isa riƙe kati ba, shi ke ƙirga ran dodo da ƙwayar wake, kuma tun kafin a koma lakwal ya iya ɗebe bakwai daga talatin da ka.

Yanzu bari mu zo kan maganar da ke zuciyar mai karatu. Caca haramun ce, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta yanke wannan magana, ba wanda ke ja. Game da karta da ba a sa kuɗi ba, malamai sun yi saɓani, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharaɗin kada ta hana salla ko aiki. Ni ɗan radiyo ne, ba na ba da fatawa. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi, in ya ce a bari, a bari. Abin da zan iya faɗi daga abin da na gani shi ne wannan wasa bai bar wa caca ƙofa ba, tun da babu wanda ya ci wani a cikin masu wasan, balle a ce ga wanda zai kwashe kuɗin da aka aza.

Wani abokina mai shagon hatsi ya ce da ni, yaron da hannunsa ya saba da karta a gida, gobe sai ka gan shi bayan tasha. Ban raina wannan tsoro ba, kuma ba ni da tabbacin cewa ba zai faru ga kowa ba. Amma a duba wayar salula da ke hannun samarinmu. Cacar ƙwallon ƙafa tana ciki, ba sai sun je tasha ba, kuma ba uban da ke zaune kusa lokacin da suke danna ta. Yaron da ba ya samun zama da mahaifinsa zai samu zama a fada wajen shayi, can kuma ba mu san wa ke koya masa me ba. Na fi son ɗana ya fara riƙe kati a gabana, inda nake ce masa ran da kuɗi ya hau tabarmar nan ran nan wasa ya mutu a gidan nan.

Wasu kuma za su ce zama da yara ana dariya yana zubar da girman maigida. Al'adarmu ta kunya gaskiya ce, ni kaina ba na kiran sunan ɗan farina. Shekara da shekaru maganarmu ba ta wuce aike da faɗa. A kan tabarmar nan ne na fara ganin yadda yake tunani, yadda yake ajiye katin garkuwa ya haƙura da babban sara don ƙanwarsa ta tsira. Da na tashi neman wanda zan danƙa wa kuɗin cefane in na yi tafiya, ban yi dogon tunani ba. Girmana bai ragu ba, har yau ba ya zama sai na zauna.

Ba na cewa wasa ya maye gurbin karatu ko hira ta hankali. A gidanmu sai bayan isha'i, sai an gama aikin lakwal, kuma zagaye biyu ne iyaka. Zagaye ɗaya ba ya wuce rabin awa. A sani kuma wasan yana da wuya, an fi cinye mu fiye da yadda muke ci, mun yi makonni kafin mu kayar da sarki na huɗu. Daren da muka kayar da shi, ihun yara ya sa maƙwabci ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

An buɗe iyakar Nijar da Najeriya tun watan Maris na 2024, kowa ya koma hanya, wasu sai ran Juma'a iyalinsu ke ganinsu. Shawarata ita ce ran da kuka kwana gida, a kashe waya na rabin awa, a shimfiɗa tabarma, a kira uwargida da amarya da yaran kowane ɗaki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da karta ba ya nemi wani abin da zai sa gidansa duka gefe ɗaya, ko da tatsuniya ce da kacici-kacici irin na kakanni. Wanda kuma ya gwada wannan, ya tuna da kuskurena, ya ƙirga katin da ke hannun ƙaramin cikinsu kafin ya ajiye nasa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuriya.