Kada ku yi saurin jefar da salansar tsohon moto

Yau zancen nawa na salansa ne, wannan bututun hayaƙi da ba mu kula shi sai ranar da ya ɓule.

Wani dattijo mai saida goro ya kira ni cikin shirina na rediyo yana kuka da Suzuki A100 ɗinsa. Shekara da shekaru yana hawansa zuwa kasuwannin ƙauye. Salansa ta yi tsatsa, makaniki ya ce a canza, aka sa mashi sabuwa mai ƙyalli, tsohuwar kuma yara suka kai wa masu sayen ƙarafa. Tun ranar nan moto ya ƙi hawan tudu da buhu biyu, isansi kuma kamar ana zuba shi ƙasa. Ya ce ko maita ce? Na ce Baba, ba maita ba ce, salansa ce.

Ga dalili. Tsofaffin motoci irin su Suzuki A100, Yamaha V80 da Mobylette, injinsu na ƙona baƙin mai tare da isansi, shi ya sa suke hayaƙi. A irin wannan inji, lokacin da hayaƙi ke fita, wani kashi na sabon isansi na bin shi. Salansar asali an auna tsawonta da faɗinta da ƙarafan cikinta yadda iska za ta dawo ta maida wannan isansi cikin inji. Ashe salansa rabin inji ce. In ka sa wadda ba a auna ba, kuɗinka ne ke fita ta baya. In kuma ta buɗe da yawa ba a daidaita karbirato ba, inji ya yi zafi, wata rana fistan ya kame a tsakiyar daji.

Honda CG 125, wadda ta fito tun 1975, ta fi haƙuri, don ita ba ta gauraya mai. Ko ita ɗin dai ba ta son a cire mata cikin salansa, kamar yadda wasu samari ƴan kabu-kabu ke yi don a ji rurinsu tun daga nesa. Ƙarar ba ƙarfi ba ce. Uwargida mai zaman bakin hanya da tiren kaya tun safe har magariba ita ke shan ta, ita da jaririn da ke bayanta.

Na san abin da za ku ce: ina za mu samu ta asali? Gaskiya ne. Tun da aka karya darajar sefa a 1994 kayan Japan da Faransa suka yi tsada, kayan Sin masu sauƙi suka cika shaguna, suka riƙa shigo mana ta Kano da Kwatano. Ban ce duk jabu ne ba. Akwai masu kauri, akwai kuma waɗanda damina ɗaya ke cinyewa. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa, ka gwada ta da tsohuwar gefe da gefe.

Amma kafin ka saya, ka tambayi kanka ko tsohuwar ta mutu da gaske. Sau da yawa toshewa ce kawai ta yi da baƙin gawayin mai. A kwance ta, a gasa ta da wuta, a kakkaɓe, ta koma numfashi. In huda ce, mai walda ya like. In ta gagara, a nemi ta hannu da aka ciro daga mataccen moto irinsa, a Katako ko wurin masu tsofaffin kaya na garinku. Ko ka sa sabuwar, ka ajiye tsohuwar a ɗaki, don ranar saida moto mai saye da ya san kaya ƙasa zai fara leƙawa.

Ku kuma masu saida kayan moto, da ku nake. In mutum ya ce ta asali yake so, kada ku miƙa mashi kwaikwayo don an buga suna a jiki. Ku ce ga mai sauƙi, ga mai ƙwari, ga kuɗin kowace, ya zaɓa da idonsa. Shi Baba mai goro har yanzu yana yawon garaji-garaji, yana cigiyar irin wadda yara suka saida a kilo.