Ɗan Aiken Da Ba Shi Da Wanda Zai Tambaya

Ku yi mini afuwa, wannan makon na ajiye labarinmu a gefe, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga gida Haɗeja.

Ɗan yayana ne, wanda ya karanta harkar kwamfuta, yake ta faman haɗa wata manhaja da manomi zai tura wa tambaya ta WhatsApp ta ba shi amsa da Hausa. Ba irin ChatGPT ɗin da muka fara gani a 2022 ba, mai hira kawai. Wannan ɗan aike ne. Ka ce da shi duba mini ko ruwa na tafe, sai ya je da kansa ya ɗauki wani kayan aiki, ya leƙa ma'aunin kogi, ya dawo maka da labari. Na ce da shi, to yaya yake sanin wanne zai ɗauka? Ya ce, "Gwaggo, kowane kayan aiki akwai 'yar takardar bayani a jikinsa, ita yake karantawa." Ya ƙara da cewa tun Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wani tsari mai suna MCP, wanda kamfanoni da dama suka runguma, kuma a cikinsa kowane kayan aiki da sunansa yake zuwa, da bayanin aikinsa, da abin da yake so a ba shi.

Na ce nuna mini naka bayanin. Layi ɗaya ne tak: yana bayar da tsayin ruwan kogi.

Wallahi sai da na yi dariya, don na tuna lokacin da nake kai rubutuna a buga a kwamfuta a Kano. Na taɓa rubuta "cire wannan" a gefen shafi, ina nufin layi biyu, yaron ya share mini babi guda sukutum, ban lura ba sai da littafi ya shiga kasuwa. Shi ma fa mutum ne, yana iya tare ni ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Amma ɗan aiken kwamfuta, ko ya tambayi manomin da ya aike shi, ba shi da hanyar zuwa wurin wanda ya ƙera kayan aikin. Abin da ke takardar nan shi ne iyakar saninsa.

To wane kogi, kuma a ina? Ruwan da ke wucewa ta Wudil sai ya yi kwanaki kafin ya iso mana, bayan ya bi ta Ringim da madatsar Auyo. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, zuwan ruwanmu ba a hannun sama kaɗai yake ba, har da hannun mai buɗe ƙofar dam. Sannan ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta yadda abin da bai dami mutumin Auyo ba zai iya cinye gonar na Guri ko Kirikasamma. Lambar da ya kawo, mita ce ko santimita? Ta yau ce ko ta makon jiya? Kuma wanda ya fi ba ni tsoro, idan bai samo komai ba, ma'anarsa babu ruwa ko kuwa ba a je an duba ma'aunin ba? Duk wanda ya ga yadda shinkafa ta nutse a 2020 da 2022 ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun. Ko sunan garin ma, wani Hadejia yake rubutawa, wani Haɗeja, wani Haɗejiya, takardar ba ta ce wanne take karɓa ba.

Yaron nan ya ce ai na'urar tana da basira, za ta gane. Nan ne muka saɓa. Basirar ce ma abin tsoron. Mu marubuta mun san wannan hali sarai: idan labari ya yi giɓi, cike shi muke yi da abin da ya dace da kunne. Ita ma haka take, sai ta cike gurbin da zato, ta faɗa maka cikin tattausan lafazi kamar ta gani da idonta. Su kansu Turawa, a 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafi da ma'auni daban, ɗayan kuma ya karanta shi da wani daban. Waɗannan fa masu digiri ne birjik.

Ni a ganina, tsawon bayani ko kyan Turancinsa ba shi ne abin dubawa ba. A ba baƙo takardar, wanda bai taɓa ganin manhajar ba, a hana shi tambayar kowa, a ga ko zai yi aikin daidai. Sannan a yi wa ɗan aiken irin tambayoyin da mutanenmu ke yi na haƙiƙa, a murɗe, da karin harshen Haɗejawa, a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da bai dace ba, sau nawa kuma ya ce ban samo ba a inda ya kamata ya faɗi haka. Kuma wanda ya rubuta bayanin bai cancanci ya zama alƙalinsa ba, kamar yadda ban taɓa iya ganin kuskuren littafina ba sai wata ta karanta.

Mun gwada hakan a tsakar gida. Muka fassara layin nasa, muka miƙa wa wani maƙwabcinmu mai noman fadama. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Hajiya, ruwan wane wata?" Ɗan yayan nawa bai ce uffan ba. Washegari da zan taho na tarar layin ya zama goma sha ɗaya, yana zaune yana ƙara na sha biyu.