Ƙirga alewa ma ilimi ne

'Yan uwa ɗalibai, idan aka ce wani ya zauna yana ware alewa kala-kala yana ƙirgawa, da yawanmu za mu ce ya rasa aikin yi. Ni kuwa ina ganin irin wannan aikin ne ya kamata a riƙa ba mu tun daga ajin farko.

Ga dalili. Kamfanin Mars, mai yin alewar cakulan ta M&M's, ya taɓa bayyana yadda yake raba kalolinta. A 2008 lissafinsa shi ne: kashi 24 cikin ɗari shuɗi, 20 ruwan goro, 16 kore, 14 rawaya, 13 ja, 13 ruwan ƙasa. A 2017 wani masanin ƙididdiga a Amurka, Rick Wicklin, ya ƙirga ƙwaya 712, sai ya ga abin bai yi daidai da wancan lissafi ba. Bai hau kamfanin da zargi ba, tambayarsu ya yi. Ashe an sauya rabon, kuma a lokacin masana'antu biyu ne ke yin alewar a Amurka, ɗaya a Tenesi, ɗaya a Niyu Jasi, kowacce da nata rabon. Abin da ya ƙirga ya dace da na Tenesi.

Darasi biyu ke nan. Na farko, don kamfani ya faɗi abu ba shi ke nufin haka yake ba, sai an auna. Na biyu, leda ɗaya ba ta isa hujja ba. A ƙwaya 50 ana sa ran shuɗi 12, amma in ka samu 9 ko 15 ba wani abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Gwajin kai-sukwaya da Karl Pearson ya fito da shi a 1900, wanda muke haddacewa don jarrabawa kawai, aikinsa ke nan: bambance sa'a da saɓani na gaske.

To mu fa? Kullum muna sayen fiya wata mai rubutun 50cl, da ashana, da madarar leda. Wa ya taɓa aunawa? Maimakon kwafo furojek ɗin wani a kafe, mu haɗa kuɗi mu sayi leda ɗari, mu shiga ɗakin gwaji. Malamanmu na ƙididdiga, don Allah ku ba mu wannan aikin. Hannunmu ya taɓa lissafin, sai ya zauna a kai.