Daga Gafakar Gwandu Zuwa Rumbun Kwamfuta: A Ba Mai Gyara Haƙƙinsa

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda muke ganin lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Ɗabi'ar kuwa ita ce girmama wanda ya ƙago sabon abu, da raina wanda ya zauna yana gyaran na da. Idan ɗalibi ya rubuta sabuwar manhaja, ko da mako guda za ta yi ta mutu, sai a tafa masa a ɗauki hoto. Amma wanda ya kwana uku yana bin layi bayan layi har ya gano kuskure guda ya toshe shi, da wuya a tambayi sunansa. Wannan karkatacciyar fahimta ce, kuma haɗarinta ya ƙaru a yau da sakamakon jarrabawa, da albashin ma'aikata, da takardun filaye suke ta komawa cikin kwamfuta. Abin takaici, mu da muka tashi a ƙasar Gwandu ya kamata mu riga kowa sanin darajar mai gyara, domin magabatanmu sun san ta ƙwarai.

A zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, littafi ba ya yaɗuwa sai ta hannun masu kwafa. Liya'ut Ta'wili da Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati duk da alƙalami da tawada suka isa garuruwa. Malaman wancan lokaci sun san hannu yana zamewa, ido kuma yana tsallake layi, saboda haka suka yi tanadi. Takardun littafi a warwatse suke cikin gafaka ba ɗinki, don haka mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama, yadda in takarda ta ɓata ko ta sauya wuri za a gane nan take. In an gama kwafa sai a yi muƙabala, watau ɗaya yana karanta asali, ɗaya yana bin sabon kwafi, duk inda aka ga gyara a rubuta shi a gefen shafi a sa masa alama. A ƙarshe mai kwafa yakan sa sunansa, wani lokaci har da sunan wanda aka kwafa domin shi. Shi kansa Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, don wanda ya ɗauki ilmi a hannunsa ya san ta inda ilmin ya biyo.

Ba su yi wannan wahala a banza ba. A rubutun ƙasarmu harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, harafin ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, alhali a rubutun Gabas ɗigo ɗaya a sama fa ne. Ɗigo guda ke nan ya isa ya juya ma'anar magana.

Tarihi ya nuna mana ɓaraka iri biyu da kan sami littafi. Ta farko kuskure. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu. A nan wani malami ya ara masa kwafin Tarihus Sudan, ya yi 'yan kwanaki yana tsakuro abin da ya iya, ya aika Turai da cewa littafin Ahmad Baba na Tambutu ne. Haka masana suka riƙa maimaitawa shekaru arba'in da wani abu, sai da aka tara wasu kwafe-kwafe aka buga littafin a Faransa tsakanin 1898 da 1900 da sunan mai shi na gaskiya, Abdurrahman Sa'adi. Ta biyu kuwa ganganci. An buga Tarihul Fattashi a 1913 a matsayin aikin Mahmud Ka'ati, har sai a 1971 da Nehemia Levtzion ya gwama kwafe-kwafen ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu an cusa masa bushara da zuwan Shehu Ahmadu Lobbo na Masina. A 2020 Mauro Nobili ya ƙara bayyana cewa Nuhu ɗan Ɗahiru, malamin fadar Hamdallahi, shi ya sake ƙera tsohon littafi don ƙarfafa mulkin ubangidansa. A duka biyun, muƙabala ce ta tona asiri.

To, wannan aiki na muƙabala shi ne masu rubuta manhaja suka mayar cikin na'ura. Manhaja babba ta ɗaruruwan mutane ce, kowa yana ƙari yana ragi, don haka tilas a sami rumbun da zai riƙe tarihin kowane canji. Wanda ya fi shahara a yau shi ne Git, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a watan Afrilu na 2005 don aikin Linux, ya kuma miƙa ragamarta ga Junio Hamano a watan Yuli na wannan shekara. Duk sa'ad da mutum ya yi canji ya ajiye, Git za ta rubuta sunansa da rana da dalilin canjin, sa'an nan ta lissafa wani hatimi mai haruffa da lambobi 40 daga abin da aka ajiye. Cikin abin da ake lissafa hatimin da shi har da hatimin ajiyar da ta gabata. Ashe kalmar nan ce ta ƙasan shafi ta dawo da sabuwar riga: wanda ya taɓa tsohon shafi a ɓoye, duk hatiman da suka biyo baya za su ƙaryata shi.

Kada mu ɗauka masu cusa ƙarya sun ƙare da zamanin Masina. A watan Nuwamba na 2003, tun kafin a haifi Git, wani ya saci hanya ya ƙara layi biyu a wani kwafi na rumbun Linux. A wurin da ya kamata a sa alamar daidai guda biyu, wadda ke nufin tambaya, sai ya sa guda ɗaya, wadda ke nufin umarni, kuma umarnin shi ne a ba shi cikakken iko a kan kwamfuta. Ɗigon fa da ƙaf ke nan. An kama shi ne domin kwafin ya saɓa wa asali da aka gwama su. A watan Maris na 2024 kuma aka gano ɓarauniyar hanya a cikin xz, wata 'yar ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kwamfutoci bila adadin. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗauke da nauyinta kyauta har ya gaji. Wani mai sunan aro ya shafe fiye da shekara biyu yana taya shi aiki har ya sami amana, sa'an nan ya dasa abin da ya zo dasawa. Wani muhimmin ɓangare na dashen ma bai sa shi a rumbun da kowa ke dubawa ba, sai a ƙunshin da ake rarraba wa jama'a. Injiniya Andres Freund ne ya lura kwamfutarsa tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kau da kai, ya bi sawu har ya tono shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar bangon a nan ita ce barin mai gyara shi kaɗai ba mataimaki.

Ita kanta Git ba ta tsira daga aibi ba, kuma a nan darasin ya fi girma. A watan Fabrairu na 2017 masu bincike na Google da wata cibiyar lissafi ta Amsterdam suka fito da takardu biyu mabambanta masu hatimi ɗaya, suka tabbatar cewa tsarin hatimin da ake kira SHA-1 yana iya ruɗuwa. Masu kula da Git ba su tsaya musu ba. Cikin wannan shekara suka sa mata dabarar gane irin wannan algus, a watan Oktoba na 2020 kuma suka shigo da sabon hatimi mai haruffa 64, watau SHA-256, a matsayin gwaji. A watan Afrilu na 2022 suka toshe wata kafa da ta shafe mu kai tsaye: a kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, irin ta ɗakin kwamfuta na makaranta ko ofis, wani yana iya ajiye rumbun ƙarya a wurin da kowa ke bi, Git ta ɗauki umarninsa ta zartar da sunan wanda bai ji ba bai gani ba. A watan Janairu na 2023 aka sanar cewa wani kamfanin Jamus mai suna X41, tare da ma'aikatan GitLab, ya yi mata binciken ƙwaƙwaf da aka biya kuɗi musamman domin shi, aka gano manyan kurakurai biyu aka gyara. A watan Mayu na 2024 aka sake toshe wata, wadda kwafo rumbun mugun mutum kawai ya isa ya sa kwamfuta ta yi masa aiki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da ya zo da sabon ado da za a nuna wa baƙo, amma da su ne amanar miliyoyin mutane ta tsaya.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce wa ya damu da mu a Kalgo ko Gwandu, mu da wutar lantarki ma sai an yi sa'a, kuɗin intanet kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi? Maganar wuta da kuɗi gaskiya ce, sai dai Git tana aiki a kwamfuta ɗaya ba tare da intanet ba, kuma kyauta ce, sabunta ta bai kai nauyin sauko da wasan kwaikwayo guda a waya ba. Batun wa ya damu da mu kuwa, masu kutse ba sa tambayar sunan gari, na'ura suke saki tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Bayan haka ɓarnar da ta fi kusa da mu ta cikin gida ce: maki da ya canja da dare, ko sunan ma'aikacin bogi da ya shiga jerin albashi, ba wanda zai iya cewa wa ya sa, yaushe aka sa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da ba ya riƙe tarihin canji shi ke gayyatar ɓarawo, shi ke kuma jawo a zargi mai gaskiya.

Saboda haka muna da shawarwari. Na farko, ga malamanmu na sassan kimiyyar kwamfuta, a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 mai mazauni a ƙasar Kalgo, da jami'ar jiha ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru: a sa ɗalibi ya miƙa aikinsa na shekarar ƙarshe tare da tarihin rumbunsa, a kuma ba da cikakken maki ga wanda ya zaɓi gyaran manhajar da ke akwai maimakon ƙago sabuwa. Tarihin rumbu yana nuna wanda ya yi aiki wata shida da wanda ya sayo shi a daren miƙawa.

Na biyu, ga mu ɗalibai: mu bar al'adar tara fayil a kan fayil, wannan sunansa na ƙarshe, wancan na ƙarshe na gaske. Kada canjin kowa ya shiga aikin haɗin gwiwa sai wani ya karanta shi, kamar yadda ake muƙabala mutum biyu. Mu riƙa sabunta kayan aikinmu, kuma in Git ta yi gargaɗi cewa rumbu ba namu ba ne, kada mu kashe gargaɗin don ya dame mu. Mu kuma koyi sa hannu na sirri a kan ajiyarmu, domin sunan da ke jikin ajiya kowa yana iya rubuta na wani, kamar yadda aka jingina wa Mahmud Ka'ati abin da bai faɗa ba.

Na uku, ga 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, ku ne kuke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Duk kwangilar manhaja da za a bayar, ku yi ƙoƙari a rubuta cewa ɗan kwangila zai miƙa rubutun manhajar da tarihinsa duka, a kuma ware kuɗin gyara na kowace shekara tun daga farko. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma ba a tsare bayani da manhajar da ba mai duba ta.

Na huɗu, littattafan da ke gidajen malaman Gwandu, da waɗanda aka tara a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, in za a mayar da su rubutun kwamfuta, a yi shi bisa wannan tsari, a san daga wane kwafi aka ɗauko kowace kalma, wa ya gyara, don me. Lokacin da Mervyn Hiskett ya buga Tazyinul Waraƙati a Ibadan a 1963 sai da ya gwama kwafe-kwafe. Abin kunya ne jikokin masu littafin su yi ƙasa da haka, alhali ga kayan aiki a hannunsu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ware rana guda a kowane zangon karatu ta gyaran kurakurai, a taru a ɗakin kwamfuta, kowa ya karanta aikin ɗan'uwansa, a kuma buga sunayen waɗanda suka gano kuskure a wannan mujalla kamar yadda ake buga na zakarun muhawara. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu haƙurin mai muƙabala.