Ƙashi Kafin Tsoka: Ra'ayina a Kan Ɗakin Tafi-da-Gidanka

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe tana ba ni sha'awa. Mutum zai je kanti ya sayo 'yar ƙaramar tirela a cikin kwali, ƙarfe daban, tayoyi daban, notina a cikin leda. In ya koma gida sai ya ɗaure ta da sifana, sa'an nan ya gina ɗan ɗakin katako a kanta, mai katifa a ciki da wurin girki a baya. Ranar hutu sai ya ɗaura ta a bayan motarsa ya nufi daji ko bakin tafki, inda dare ya yi masa nan ne gida. Al'adar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1947 mujallar Mechanix Illustrated ta buga zanen irin wannan ɗaki mai siffar ɗigon hawaye, domin mai sha'awa ya gina da hannunsa. A yau kantuna irin su Harbor Freight suna sayar da gindin ƙarfen, mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, daidai da girman allon katako guda.

To, mene ne ruwan malamin ilmin halittu da ƙarfe da walda? Ruwansa shi ne, duk abin da ke ɗauke da nauyi yana tafiya, ko raƙumi ne ko tirela, doka ɗaya yake bi. Ra'ayina kuwa shi ne: gyara wannan gindi aiki ne mai kyau, ya kamata a ƙarfafa wa masu yin sa gwiwa, amma da sharaɗin awo da lissafi su riga zarto da walda. Wanda ya tsallake wannan sharaɗi, tarko ya ɗana wa kansa da sauran masu bin hanya.

Mu fara da abin da ya sa ake gyaran. Kamfanin bai ƙera wannan tirela domin ɗaki ba, ya ƙera ta ne domin ɗaukar katako ko injin yanke ciyawa zuwa wuri kusa. Saboda haka maginin yakan so ya ƙara mata faɗi don katifa ta shiga, ko ya ƙara tsawon wuyan da ke haɗa ta da mota, ko ya matsar da sandar da tayoyi ke kanta, wato aksil. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana canja yadda nauyi ke ratsa ƙarfen.

A shekarar 1638 masanin nan na Italiya, Galileo, ya nuna cewa ba za a ɗauki ƙashin ƙaramar dabba a ninka girmansa kawai ya ɗauki babbar dabba ba. Nauyi yana ƙaruwa da sauri fiye da ƙarfin ƙashi, shi ya sa ƙafar giwa ta zama kamar turmi, ta barewa kuwa kamar kara. Haka abin yake ga wuyan tirela. In ka ninka tsawonsa ba tare da ka ƙara masa kauri ba, alhali nauyin da ke bakinsa bai canja ba, ƙarfin da ke neman karya shi a gindi zai ninka sau biyu, lanƙwasawar da zai yi kuma za ta ninka sau takwas. Ɗalibi na iya gwada wannan a aji da rula da ɗan dutse.

Haka kuma siffar ƙarfe tana da muhimmanci kamar nauyinsa. Yawancin waɗannan tireloli masu araha da ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe ake yin su, mai kama da indararo. Irin wannan yana jure danna daga sama, amma ba ya jure murɗawa. Ƙarfe mai rufaffen ciki, kamar bututu, ya fi shi jure murɗa nesa ba kusa ba. Duba ƙashin cinyarka, ko karan gashin tsuntsu, ko gorar da ake kafa rumfa da ita: dukkansu bututu ne. Don haka mai ƙara tsawon wuya, da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya kamata ya yi, ya zura shi can ƙarƙashin gindin ya kama sanduna biyu ko uku na kwance, kada ya liƙa shi a baki kawai. In kuma zai huda ƙarfen don ɗaure daɓen ɗaki, ya sani cewa leɓen sama da na ƙasa su ne ke shan wahalar lanƙwasa, kowane rami a jikinsu ragi ne a ƙarfinsu.

A nan ne kwatancen ƙashi da ƙarfe ya ƙare, kuma a nan ne haɗarin yake. Ƙashi abu ne mai rai. Likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana a shekarar 1892 cewa ƙashi yana ƙara kauri a inda ake yawan ɗora masa nauyi, in ya tsage kuma yana ɗinkewa da kansa. Ƙarfe ba ya warkewa. Kowane rami da taya ta faɗa yana lanƙwasa shi kaɗan, kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. 'Yar tsagar da ta fara a bakin walda ba za ta koma ba, sai dai ta yi ta tsawo a ɓoye ƙarƙashin fenti. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Sai batun daidaita kaya, wanda kowane mai amalanke ya san shi ba tare da littafi ba. In aka loda kaya a bayan amalanke fiye da kima, sai ka ga tana neman ɗaga jaki sama. Masu ƙera tirela suna ba da shawarar cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyin ya sauka a kan mahaɗin da ke bayan mota. In ya gaza haka, da gudu ya yi yawa sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, har ta iya juyar da motar da ke janta.

Bari mu yi lissafi. A ce ɗakin da gindinsa sun kai kilo 600, tazarar da ke tsakanin mahaɗi da aksil kuma mita 3 ce, nauyin da ke kan mahaɗi kilo 60. Wannan kashi 10 ne, babu laifi. Sai maginin ya ajiye jarkoki biyu na ruwa, lita 40, wato kilo 40, a wurin girki, mita 1 a bayan aksil. Aksil ya zama kamar tsakiyar ma'auni: ruwan zai rage wa mahaɗi kilo 40 raba 3, wajen kilo 13. Saura kilo 47 ke nan daga cikin 640, kashi 7 da 'yan kai. Da jarkoki biyu kacal an fita daga iyakar aminci. Wannan ne dalilin da ya sa gwanayen aikin ke matsar da aksil baya kaɗan, kuma ba da ido suke yanke wurin ba, da sikeli suke aunawa.

Wani zai ce, tun da akwai haɗari haka, me ya sa ba za a bar wa injiniyoyin kamfani aikinsu ba? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Lambar nauyin da kamfani ya rubuta a jikin tirela ta shafi tirelar ce kamar yadda ya ƙera ta. Ƙara ƙarfe a gindi ba ya ƙara wa taya ko boris ko sifirin ƙarfin ɗauka, hasali ma ƙarfen da aka ƙara ya ci wani kaso na nauyin da aka yarje. Amma hana mutane taɓa ƙarfe ba ya koya wa kowa kome. Al'ummar da ba ta kwance inji ta ɗaure ba za ta haifi masu ƙera inji ba. Maganin jahilci ilmi ne. Wani kuma zai ce idon tsohon mai walda ya isa. Ina girmama wannan ido ƙwarai, sai dai ido ba ya ganin inda cibiyar nauyi take, kuma ba ya jin abin da zai faru a gudun kilomita 90.

Akwai abu guda da ba zan rufe ba tare da na ambata ba, domin ya shafi fannina kai tsaye. Ɗakin nan ƙarami ne, in an toshe shi sosai don tsoron ruwan sama, mutanen da ke barci a ciki suna cinye iskar shaƙa suna cika shi da tururi, danshin kuma ya kira funfuna ta ruɓar da katako. Mafi muni shi ne kunna gawayi ko risho a ciki. Iskar kabon monokzaid ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin jan jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Mai barci ba zai farka ya gudu ba. Taga ko kafar iska a sama da ƙasa wajibi ce, girki kuma a waje.

Mu a nan ba mu cika gina ɗakin yawon hutu ba, amma muna da masu walda da maƙera masu hikima, irin na Panteka a Kaduna, masu ƙera amalanke da bodin motoci kullum. Dokar da ta hau kan 'yar tirelar Amurka ita ce ta hau kan aikinsu. Kirana ga malaman sakandare shi ne su kai darasin ma'auni da cibiyar nauyi bakin garejin unguwa, ko su kawo baro da sikeli da bulo cikin aji, ɗalibai su matsar da kaya gaba da baya su rubuta abin da suka gani. Ku kuma ɗalibai, duk abin da za ku gina nan gaba, ku fara tambayar kanku nawa ne nauyinsa, a ina zai sauka, me zai ɗauke shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani.